Jan Fenti a Ƙofar Baba

"Muddin ina numfashi, yaron da ya shafa wa gidana jan fenti ba zai auri 'yata ba. Ki ji da kunnenki, Auta, kada gobe ki ce ba a faɗa miki ba."

Baba ne yake magana, yana tsaye a tsakar gida, ƙafarsa ɗaya a kan wani tsohon kwanon rufi da guguwa ta nannaɗe kamar tabarma.

"Kuma duk wanda ya kwashi maganar gidan nan ya kai wa 'yan agajin nan naku, to ya nemi wani uban a can. Na gama magana."

Auta ta gyara rigar 'yan agaji da ke jikinta, ta rataya jakarta, ta fita. Sai da ta kai bakin titi sannan ta ƙyale hawayen suka zubo.

Ba a daɗe da yin guguwar ba. Da rana tsaka ta zo, baƙa ƙirin, tana juyi tun daga sama har ƙasa, da wani irin gunji da ya sa jarirai ma suka yi tsit. Ta ratsa tsakiyar unguwa, ta kwashe rufi, ta tuge itatuwa, ta ɗauki wata mota ta ɗora a kan shagon aski. Bayan ta wuce, aka riƙa hango katifun mutane rataye a wayoyin lantarki. An rasa rayuka. Mama ma katako ya faɗo mata a ƙafa, har yanzu ba ta iya takawa sai an kama ta.

Makarantar da Auta take koyarwa ita aka mayar matsugunin waɗanda suka rasa wurin kwana. Tun ranar ta ajiye alli ta shiga sahun 'yan sa-kai. A cikinsu har da Injiniya, saurayin da ya daɗe yana neman aurenta, Baba yana ta ce masa, "Za mu duba."

Aikin da aka ba Injiniya shi ne duba gidajen da suka tsira. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Gidan da yake lafiya, a yi masa alamar koren fenti a jikin ƙofa. Wanda ya jigata, a yi masa rawaya, masu shi su shiga su kwashi kaya su fito. Wanda kuwa zai iya ruftawa, a yi masa ja, kada kowa ya sake kwana a ciki.

Da ya iso gidansu, ya daɗe yana zagaya ɗakin Mama. Bango ya tsage tun daga tushe har sama, ginshiƙin da ke riƙe da rufin ya goce daga mazauninsa. Auta tana kallo lokacin da ya tsoma buroshi a jan gwangwani.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji shi.

"Ni ba babanka ba ne. Gidan da na gina da gumina, kana cikin zanen goyo, shi za ka ce ba ya zaunuwa?"

Aka kwashe su zuwa gidan Gwaggo, yayar Baba. Ita kuwa Gwaggo dama tana da nata ɗan takarar, ɗan aminin Baba, wanda kowa ke kira Ɗan Kwangila. Bai ɓata lokaci ba. Ya turo magina suka cusa siminti a tsagar, suka shafe ta sumul, suka buga sabon kwano. Sannan ya aika kasuwa aka sayo koren fenti, ya shafe jan da hannunsa, Baba yana ta sa masa albarka. Washegari suka koma gida.

Maƙwabta suka gani, suka kwaikwaya. Kafin a jima koren fenti ya yi wuya a kasuwa.

Wannan ita ce cutar da ke cinmu! A nuna mana rami, maimakon mu cike shi sai mu shimfiɗa tabarma a kai, mu zauna, mu ce Allah zai tsare. Allahn da ya ba mu ido da hankali, shi muke jingina wa gangancinmu. Motar masu duba gini kuwa in ta biyo layi, alama kawai take kallo. Ta ga kore, ta wuce.

Auta ta tsaya ta dubi ƙofarsu. In an ƙura ido sosai, ana iya ganin inuwar jan a ƙarƙashin koren. Ta share fuska ta kama hanya.

* * *

Babban ɗakin taron makarantar ya cika da jama'a, amma ita ji take kamar ita kaɗai ce a ciki. Matan da ta saba gaisawa da su sun daina amsa mata da sakin fuska. Da yawansu saurayinta ne ya raba su da gidajensu, haka suke gani. In ta miƙa bargo sai a karɓa ana kallon gefe.

Ta zauna a gaban tulin kayan da aka kawo gudummawa, tana ware na sawa da na zubarwa. Takalmi mai tsini, ƙafa ɗaya. Rigar sanyi wadda asu ya gama da ita. Labule. Wani ma har da hular wanka. Mutane sun share ɗakunan ajiyarsu, sun kira shi taimako, sun ɗauki hoto a gaban buhunan.

Shugabar 'yan agajin, wata dattijuwa mai murya kamar ta namiji wadda ake kira Mai Usur saboda usur ɗin da ba ya barin wuyanta, ta ɗaga takalmin sama.

"Jama'a, wa guguwa ta ɗauke wa ƙafa ɗaya? Ga rabonsa ya zo!"

Aka yi dariya. Auta ta yi murmushin da bai kai ciki ba.

Mai Usur ta sunkuyo ta rage murya. "'Yata, mutumin naki yana bayan aji, wajen tankin ruwa. Tun ɗazu yake wanke hannu, ina jin so yake ya cire fatar. Je ki, zan riƙe miki wannan shagon gwanjon."

Ta same shi a tsugune, hular kwanonsa a ƙasa. Ya rame. Jan fentin ya shige ƙarƙashin faratansa, ya ƙi fita.

"Malama," in ji shi, ya miƙe.

"Injiniya. Ka ɓuya."

"Ban ɓuya ba. Kunya ce. Ban san da wane ido zan kalle ki ba."

"Da waɗanda ka kalli bangonmu da su. Ai suna gani sosai."

Ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce, "Na roƙi a canza mini wurin aiki. Akwai wani yanki can nesa da guguwar ta fi yi wa ɓarna, ba su da mai duba gini. Motar za ta tashi da yamman nan."

Ta dafa tankin.

"Guduwa za ka yi ka bar ni?"

"Ba gudu ba ne. Jiya an jefe ni da dutse a layin bayanku. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, duk gidan da na yi wa ja, ke ake zagi. In na yi nisa, ƙila zuciyar Baba ta huce. Ƙila wata rana ya ga cewa ba raini ba ne."

"Wata rana!" Hawaye suka ɓalle mata. "Kullum wata rana. Ka san Gwaggo ba ta san wata rana ba? Ka san Ɗan Kwangila kullum yana ƙofar gida, da motarsa da ƙamshin turarensa? Ni kaɗai ce a tsakiyarsu. In na shiga ɗaki sai a yi shiru. In na gaida Baba sai ya amsa wa bango. Kai kaɗai nake gani in ji ni mutum ce, kai ma za ka hau mota."

"Kada ki yi kuka, don Allah. In kika yi kuka ba zan iya tafiya ba."

"To kada ka iya mana!"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi ta tambayar kaina, da na sa rawaya fa? Da yanzu ƙila an sa mana rana. Amma wallahi, Malama, ko yau aka mayar da ni gaban bangon nan, ja zan sa. Gara in rasa ki kina raye, da in same ki ina taya ki makokin Mama."

Ta rufe fuska da gyalenta.

"Abu ɗaya ne yake sanyaya mini rai," ya ci gaba. "Duk abin da ya faru, na san kun fita daga gidan nan. Kin ga hadarin da ke haɗuwa? Ruwa mai ƙarfi na sauka, ƙasa ta jiƙe, gidajen jan nan za su fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Naku ne ya fi ba ni tsoro. Yaya ƙafar Mama? Tana jin daɗin zama gidan Gwaggo?"

Bai san sun koma gidan ba. Tun ranar da Baba ya kore shi bai sake bin layinsu ba.

Maganar ta zo mata har bakin leɓe. In ta faɗa, ta san shi, yanzu zai ɗauki gwangwani ya nufi gidan. Baba zai ce kishi ne ya dawo da shi. Yaran Ɗan Kwangila za su yi masa rubdugu. Ƙofar da take fatan wata rana ta buɗe za ta rufe har abada, ita ma ta rasa uba.

"Da sauƙi," in ji ta. "Ƙafar da sauƙi."

"Alhamdu lillahi." Ya ɗauki hularsa. "Na bar gwangwanayen a ɗakin ajiya, don wanda zai gaje ni. Ki kula da kanki, Malama. Ki riƙa cin abinci."

Ta tsaya tana kallon bayansa har ya sha kwana. Famfon tankin yana ta ɗiga. Ba ta taɓa yi masa ƙarya ba sai yau.

* * *

Da rana ta koma gida don ta canza wa Mama ɗaurin ƙafa. Ƙofar ɗakin ta ƙi buɗewa sai da ta sa kafaɗa. A da, da ɗan yatsa ake tura ta.

Gwaggo tana zaune a bakin gado tana fifita.

"Ga 'yar agaji nan! Sannu da aikin lada. Masu agaza wa duniya, gida na neman agaji."

"Ina wuni, Gwaggo."

"Da ban wuni ba za ki gan ni? Zauna, magana ce da ni. Yaron kirkin nan zai zo da yamma ya ji amsa daga bakinki. Ki yi wanka, ki cire wannan rigar ta masu gadi, ki sa kayan mutane."

"Gwaggo, na faɗa muku ba na sonsa."

"So! Ke kin san so? Wancan ya fitar da ubanki titi da buroshi, wannan ya mayar da shi ɗakinsa da mutuncinsa. Wanne ne so a ciki?"

"Bai gyara gidan ba, Gwaggo. Kwalliya ya yi masa. Ginshiƙin yana nan yadda yake."

"Oho, ke ma kin zama injiniyar? Abin gado ne tun kafin a ɗaura?" Gwaggo ta tafa hannu. "Boko ya cuce mu. Yarinya ta karanta littafi biyu, ta fi ubanta sanin gidansa. Wanda kwanansa ya ƙare, ko a fili yake sai sama ta faɗo masa."

"Amma ba a ce mu je mu kwanta a ƙarƙashin abin da muka ga yana lilo ba!"

"Ki rage murya, mara kunya!" Sai kuma ta sassauta, idanunta suka kawo ruwa. "Auta, ni na yi miki wankan farko. Ba na ƙin ki. Kin ga ƙanina kuwa kwanakin da ya yi a gidana? Ko ruwa ba ya iya haɗiya. Ya tsufa a idona. Gidan nan shi ne abin da ya mallaka a duniya, shi yake nunawa ya ce ga abin da na yi da rayuwata. Kina so ki kashe shi da baƙin ciki saboda wani yaro?"

Auta ta durƙusa a gabanta tana kuka. "Ba na so ya mutu, Gwaggo. Shi ya sa nake magana. Me ya sa ba wanda yake ji na? Me ya sa duk wanda ya faɗi gaskiya a gidan nan shi ne maƙiyi?"

Gwaggo ta janye ƙafarta, ta miƙe. "Ki shirya kafin yamma," in ji ta, ta fita.

Duk wannan abin, Mama tana kwance, fuskarta a bango. Auta ta kwance ɗaurin, ta wanke ciwon, ta naɗa sabo. Da ta ɗaga matashin don ta gyara mata kwanciya, sai ta ji wani abu ya yi mata ƙaiƙayi a tafin hannu. Yashi ne. Ta ɗaga kai. A saman gadon, cikin sabon simintin, ga wani siririn layi kamar zaren gashi, ya bi daidai inda tsohuwar tsagar take.

"Mama, mene ne wannan?"

"Ƙura ce."

"Mama, dube ni. Tun yaushe yake zubowa?"

Mama ta lumshe ido. "Auta, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ce wa mahaifinki a'a ba. Ba yanzu da furfura zan koya ba. Je ki wurin aikinki."

A waje aka yi wata doguwar tsawa, can nesa.

Auta ta zauna da yashin a tafin hannunta. A nan ta gane abin da ta yi a bakin tanki. Ta ɗora auren da take fata a gefe ɗaya, ta ɗora wannan matar da ba ta iya gudu a ɗaya gefen, ta zaɓi yin shiru. Ita da ke zagin masu shimfiɗa tabarma a kan rami, ashe tata tabarmar ta fi ta kowa faɗi.

Ta miƙe ta fita da gudu.

* * *

Ta iso makaranta numfashinta yana sarƙewa. Inda motar take ajiye, sai sawun taya.

"Sun tafi," in ji Mai Usur. "Hadarin ne ya sa direba ya ce su tashi da wuri. Mutumin naki ya yi ta waiwaye, in hakan zai yi miki amfani."

Auta ba ta tsaya ba. Ta shiga ɗakin ajiya, ta fito da jan gwangwani da buroshi. Hannun buroshin ya sha riƙo har ya yi santsi.

Mai Usur ta tare ta. "Ke, ina zuwa? Injiniya kaɗai ke sa alama, kin san doka."

"Ba sabuwa zan sa ba. Wadda ya sa, aka shafe da kore, ita zan mayar. Gidanmu ne. Muna ciki tun tuni, da Mama."

Dattijuwar ta dube ta, ta dubi sama. Wasan da ke fuskarta ya ɓace.

"Gida nawa aka yi wa haka?"

"Kusan duk layin."

"Innalillahi. Motocinmu duk sun fita rabo. Da ɗaya ta dawo zan zo da kaina, da usur ɗina da kowa da kowa. Amma ke, 'yata, kin san abin da za ki tarar?"

"Na sani."

"In haɗa ki da wani?"

"A'a. Wannan ni kaɗai ce."

* * *

Iska ta fara kaɗawa lokacin da ta shigo layinsu. Ƙofa bayan ƙofa, kore, kore, kore, kamar an yi biki.

Motar Ɗan Kwangila tana ƙofar gida. Yana zaune a kan kujera a ƙarƙashin guntun itacen da guguwa ta bari, Baba a gefensa, Gwaggo tana zuba masa shayi. Da ya hango ta ya washe baki.

"Ga gimbiya! Ƙanwata, har yanzu ba a sallame ki daga aikin bargo ba? In kin shigo hannuna, hutu za ki yi har ki gaji da shi."

Ta ajiye gwangwanin a ƙasa. Ta durƙusa ta gaida Baba, bai amsa ba. Sannan ta juya wajen Ɗan Kwangila.

"Yaya, an ce amsa ka zo ji."

"Ita ta kawo ni."

"To ga hadari ya taso, bai kamata babban baƙo ya zauna a titi ba. Bismillah, shigo ciki. Mu je ɗakin Mama, ka gaishe ta, ka zauna a bakin gadonta har ruwan ya ɗauke. A can zan ba ka amsa."

Murmushinsa ya ɗan karkace. "Ai nan ma ya isa. Ina son iska."

"Tun ranar da ka shafa koren nan ba ka taɓa tsallake dokin ƙofar nan ba. Kullum a waje kake karɓar gaisuwa. Yau dai ka shigo. Ai aikinka ne."

Baba ya juyo ya dube shi. "Shiga mana, ɗana. Gidanku ne."

Ɗan Kwangila ya dubi bangon, ya dubi sama, ya laluba aljihu ya zaro waya wadda ba ta yi ƙara ba.

"Baba, wallahi ana jirana a wurin aiki. Kayan gini ne a fili, kada ruwa ya same su. Gobe in Allah ya kai mu."

Ya bar shayin ko kurɓa bai yi ba. Ƙarar motarsa ta daɗe tana amsawa a layin.

Auta ta buɗe gwangwanin, ta tsoma buroshi. Ta ja layi a kan koren daga sama zuwa ƙasa, ta gitta wani a kai. Maƙwabta suka firfito suna kallo.

"Auta!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Kin haukace?"

Baba ya miƙe a hankali. Ba fushi ta gani a fuskarsa ba, wani abu ne da ya fi fushi ciwo. Ya gani sarai, ya gane abin da gudun baƙonsa yake nufi, amma mutanen layin duka suna kallonsa.

"Na faɗa miki da safe," in ji shi, muryarsa a dushe.

"Ka faɗa, Baba. Na ji." Hawaye suna bin kumatunta. "Ba don shi na yi ba. Ya tafi, ƙila ma ba zai dawo ba. Ka cire ni daga 'ya'yanka in ka so, zan iya rayuwa kana fushi da ni. Ba zan iya rayuwa ina tono ku da hannuna ba, kamar yadda na tono 'ya'yan mutane ranar guguwa."

"Ɗauki gwangwaninki ki bar mini ƙofa."

"Baba..."

"Na ce ki tafi!"

Sai suka ji wata murya daga ciki, siririya, wadda ba a saba jin ta a waje ba.

"Auta. Zo ki kama ni."

Mama ce. Ta jawo jiki da bango har zaure, ƙafar mai ɗauri tana jan ƙasa. Auta ta ruga ta tallabe ta. Da suka iso bakin ƙofa, Mama ta tsaya a gaban mijinta, ta kwance ƙullin da ke bakin ɗankwalinta, ta kamo hannunsa, ta juye masa abin da ke ciki. Yashi ya cika tafin, har yana zuba ta tsakanin yatsu.

"Kullum da safe nake tattara shi a kan matashina, don kada ka gani ranka ya ɓaci," in ji ta. "Malam, ka yafe mini. Yau ba zan kwana a ɗakin nan ba. Ka zo mu tafi."

Baba ya daɗe yana kallon hannunsa. Ɗigon farko na ruwan sama ya faɗo a kan yashin, ya yi baƙi.

Gwaggo ta ja gyalenta, ta sulale ta tsaya a tsakiyar titi, nesa da bangon. A ƙofar da ke kallon tasu, wata mata ta fara fito da 'ya'yanta.

"Baba, don Allah," in ji Auta.

Ya ɗago ya dube su, matarsa a jingine da kafaɗar 'yarsa. Ya dunƙule hannunsa a kan yashin. Ya juya, ya shiga gidan. Suka ji ƙarar sakata.

Ruwan ya kece kamar da bakin ƙwarya. Auta ta zaunar da Mama a kan kujerar da baƙo ya bari, ta tuɓe rigar agajin ta lulluɓa mata. Ta dubi ƙarshen layin, babu mota, babu usur, babu kowa.

Ta koma ƙofar ta fara bugawa da hannu biyu, tana kiran Baba. Fentin bai bushe ba. Duk bugun da ta yi, tafinta sai ya ƙara ja.